Ƙwayar cutar da na yi shekaru ina farauta a hanjina

Ina da shekara 19 ciwon ya fara. Murɗa ce a ƙasan cibiya ta wajen dama, tana zuwa bayan na ci abinci, ta riƙe ni kamar rabin awa sannan ta sake ni. Daga baya gudawa ta shigo, irin wadda ke tashin mutum sau uku ko huɗu a dare ɗaya. Ina shekarar farko a jami'a lokacin. Kafin zangon ya ƙare na daina zama a tsakiyar aji, sai bakin ƙofa, kuma na daina karyawa duk ranar da nake da lacca da safe. Ƙawayena sun ɗauka ramar karatu ce. Kunya ta hana ni gaya musu cewa wani lokaci har jini nake gani.

Shekara huɗu ana sauya wa ciwon suna. An ce taifot, an ce atini, an ce tsutsar ciki, an ce olsa, an ce basir. Ban riƙe ko ɗaya daga cikin likitocin a raina ba, domin wanda ya zo da gudawa da zazzaɓi, abin da aka fi gani shi ake fara nema. Sai dai a waɗannan shekarun ne wani tunani ya samu gindin zama a zuciyata. Duk lokacin da aka ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta, musamman Flagyl, nakan samu sauƙi na mako biyu ko uku. In ci abinci, in yi barci har asuba. Sai abin ya dawo. Na yanke wa kaina cewa akwai wata halitta a cikina da magani ke sumarwa amma ba ya kashewa.

A haka na gama karatu, na fara koyarwa, na yi aure. Da nauyina ya sauka daga kilo 58 zuwa 41 aka yi mini hoton ciki, aka ga ƙarshen ƙaramin hanjina ya yi kauri ya tsuke. Likita ya ce tarin fuka ne na hanji. Ranar na fara sanin tarin fuka na kama hanji, kuma wallahi da murna na koma gida. Maigidana yana kallona yana mamaki, an ce matarsa na da tibi ita kuwa tana hamdala. Abin da ya faranta mini shi ne ciwon ya samu suna, an san mai haddasa shi, an kuma san ranar gamawa: wata shida, magunguna huɗu a wata biyun farko, biyu a sauran wata huɗun. Ban tsallake ko kwana ɗaya ba. Fitsarina ya yi ja kamar yadda aka gargaɗe ni, ina ganinsa ina jin cewa yaƙin na tafiya daidai.

Wata shida suka cika ina nan yadda nake.

Daga nan aka tura ni wurin wata likitar hanji, dattijuwa mai magana a hankali. Ta zura mini siririn bututu mai kyamara ta dubura, ta gutsuro 'yan tsoka aka kai gwaji. Ranar da na koma karɓar sakamako ta juyo da allon kwamfuta ta nuna mini hanjina, jawur, da gyambuna dogaye kamar an tsaga da farce, tsakaninsu kuma wurare lafiyayyu.

Ta ce, "Malama, sunan ciwonki cutar Crohn."

Ta bayyana mini cewa manyan cututtukan kumburin hanji masu daɗewa iri biyu ne. Ɗaya a babban hanji kaɗai take tsayawa, tana cin fatar cikin hanjin. Tawa kuwa tana iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura, tana kuma ratsa kaurin bangon hanji. Ta ce kamanninta da tarin fukan hanji ya kai a kan fara ba da maganin tarin fuka in ana shakka, saboda magungunan Crohn suna danne garkuwar jiki, kuma in aka danne garkuwar mai tarin fuka an buɗe wa cutar ƙofa. Sannan ta faɗi maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro: garkuwar jikina ce ke yaƙar hanjina, ana iya kwantar da ita, amma babu maganin da ke warkarwa.

Na ce, "Likita, to me ya tayar da ita?"

Ta ce, "Wannan tambayar masana na kanta tun kafin a haife ni."

Mutum na iya jure wa ciwo in yana da wanda zai ɗora wa laifi. Ni an ce mini jikina ne ya juya mini baya, kuma haka zan zauna da shi har ƙarshen rayuwa. Na karɓi magungunan, na farko mai saurin kwantar da kumburi wanda ya kumbura mini fuska ya hana ni barci, sai na biyu mai danne garkuwa a hankali. Sun yi aiki. Na mayar da kilo takwas, na koma aji, bayan shekara biyu Allah ya ba mu 'ya mace. Amma kullum na ɗauki ƙwayar zan haɗiya sai in ji kamar ana ɗaure mai gadi alhali ɓarawo na cikin gida.

Yayana likitan dabbobi ne. Wata rana ya zo duba ni, yana jin bayanin ciwon sai ya yi shiru, can ya ce, "Ƙanwata, wannan abin da kike faɗa mun san irinsa a shanu." Ya ba ni labarin cutar Johne, wadda aka fara bayyanawa a Jamus a 1895. Saniya ta yi ta zawo tana ramewa tana cin abinci, in aka buɗe ta a tarar ƙarshen ƙaramin hanjinta ya yi kauri ya tattare. Mai haddasa ta sananniya ce, wata bakteriya 'yar'uwar ta tarin fuka da ake taƙaita sunanta da MAP. Tana fita a kashin dabba da nononta, tana daɗewa a ƙasa da ruwa, maraƙi ya ɗauka yana ƙarami, ciwon bai bayyana ba sai bayan shekaru.

Ban yi barci ba a daren. Na ɗauki waya na shiga intanet, kuma daga ranar na zama mai farauta.

Abin da na tarar ba tatsuniya ba ce, shi ya sa ya kama ni sosai. Tun a 1913 wani likitan tiyata ɗan Sikotland, Thomas Kennedy Dalziel, ya rubuta bayanin marasa lafiya masu irin ciwona, ya kuma ce hanjinsu ya yi kama da na shanu masu cutar Johne. Wato zargin ya girmi sunan cutar kansa, domin sai a 1932 Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu a birnin New York suka wallafa bayanin mutum 14 da ya sa aka laƙaba wa cutar sunansa. Aka yi ta neman ƙwayar a hanjin mutane ba a gani. A 1984 wani mai bincike a Amurka, Rodrick Chiodini, ya samu nasarar raya ta a ɗakin gwaji daga hanjin wasu 'yan marasa lafiya, bayan watanni yana jira, saboda tana cikin bakteriya mafi jinkirin girma. A Landan kuma Farfesa John Hermon-Taylor ya ƙarar da shekarun aikinsa yana kare wannan ra'ayi, shi da abokansa suka gano wata alama a ƙwayoyin gadon MAP da ake bin sawunta da ita. Bincike da dama sun samu alamar a hanjin masu Crohn fiye da na masu lafiya.

Sai labarin olsa ya zo ya ƙara mini wuta. Shekara da shekaru ana ɗora gyambon ciki a kan damuwa da yawan sinadarin tsami, har wasu likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka ce bakteriya ce. Aka ƙi yarda da su. A 1984 Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ya raya ƙwayar a ciki, cikinsa ya kumbura, a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Yau ana warkar da mafi yawan olsa da maganin mako ɗaya ko biyu. Na karanta wannan labari ya fi a ƙirga. Na ce a raina tarihi ne zai maimaita kansa, kuma ni ba zan zauna jiran manya su farka ba.

Akwai abin da na karanta na kau da kai, kuma dole in faɗe shi. A 2007 an fitar da sakamakon wani gwaji a Ostareliya kan mutum 213. An ba rabinsu magunguna uku masu kashe MAP har tsawon shekara biyu, sauran aka ba su ƙwayar da ba ta ƙunshi magani ba. A mako na 16 masu shan maganin sun fi samun sauƙi, amma da tafiya ta yi nisa bambancin ya ɓace. Masu kare ra'ayin MAP suka ce adadin maganin da aka bayar ya yi kaɗan. Na riƙe wannan amsa da hannu biyu. Na kuma ga rahotannin da suka nuna manoma da likitocin dabbobi masu cuɗanya da shanun da ke ɗauke da cutar ba su fi sauran jama'a kamuwa da Crohn ba. Na wuce su kamar ban gani ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake.

Imanin nan yana da wata fuska da ban yi tsammani ba. In ƙwayar cuta ce a jikina, ashe zan iya shafa wa 'yata. Babu likitan da ya ce mini haka, amma tsoro ba ya jiran hujja. Na ware kofina da cokalina, na ɗaura musu zare. Na yaye yarinyar tun lokacin bai yi ba. Takan miƙo hannu tana son ta sha a kofina in janye, ta yi kuka, in shiga ɗaki ni ma in yi nawa. Maigidana ya yi ta lallashi, "Haba, shekara nawa muna ci a kwano ɗaya, me ya same ni?" Ban saurare shi ba. Cikin duk abin da ciwon nan ya ɗauke mini, watannin nan ne suka fi yi mini ciwo, don da hannuna na ba da su.

A 2018 aka sanar da sakamakon wani gwaji kan mutum 331, da irin waɗancan magunguna uku a haɗe cikin ƙwaya ɗaya, da adadi mafi yawa. A mako na 26, kusan 37 cikin 100 na masu shan maganin ciwonsu ya kwanta, a ɗaya ɓangaren kuma kusan 23 cikin 100. Na kai wa likitata da gudu. Ta karanta a natse, ta ce sakamakon abin dubawa ne, amma gwajin bai nuna cewa kashe MAP ne ya kawo sauƙin ba, tunda magungunan na kashe bakteriya iri-iri kuma wasunsu na rage kumburi da kansu. Ta ce ba za ta ɗauke ni daga abin da ke mini aiki ba. Na fito ina jin haushinta. Na ce irinta ne suka ƙi yarda da Marshall.

Na daina shan maganina ban gaya wa kowa ba. Na samo magungunan kashe ƙwayoyin cuta ta hanyar da ba ta dace ba, biyu daga cikin ukun ma ban samu ba sai na musanya da wasu, na tsara wa kaina adadi daga abin da na gani a intanet. Makonnin farko na ji garau, na ɗauka nasara ce. A wata na uku gudawa ta ɓarke irin wadda ban taɓa gani ba, fiye da sau goma sha biyar a yini, ga zazzaɓi. A asibiti gwajin bayan gida ya nuna wata bakteriya mai suna Clostridioides difficile. Magungunan da na yi ta sha sun share ƙwayoyin hanji masu amfani, ita kuwa ta samu fili ta yaɗu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: kumburin da na bari ba magani ya ƙara tsuke wurin nan na ƙarshen ƙaramin hanji har abinci ya daina wucewa. Cikina ya kumbura, ina ta amai kore. Aka shiga da ni tiyata, aka yanke wurin da farkon babban hanji. Tun daga lokacin allurar bitamin B12 ta zame mini dole, saboda a sashen da aka cire ne jiki ke tsotse shi.

Kwana biyu bayan aikin likitata ta zo ta zauna a bakin gadona. Na juya fuska bango. Ina jiran faɗa, sai na ji ta ce, "'Yata, tambayarki ba ta banza ba ce. Bari in gaya miki abin da ya sa ni ma ban cire ƙwayoyin cuta daga lissafi ba."

Ta ba ni labarin abin da likitoci suka lura da shi a Leuven ta ƙasar Beljiyam a 1991. Bayan an yanke wa mai Crohn hanji, ciwon yakan dawo daidai bakin ɗinki. Amma in aka karkatar da bayan gida ta wata kafa da aka huda a fatar ciki don kada ya bi ta wurin, sai wurin ya zauna lafiya. Da zarar an mayar da hanya, kumburi ya dawo. Ke nan akwai wani abu a cikin abin da ke bin hanji da ke kunna wutar. Ta ce akwai ɓerayen gwaji da aka sauya wa ƙwayoyin gado yadda suke kamuwa da kumburin hanji, amma in aka rene su inda babu bakteriya ko ɗaya ba sa kamuwa. A 2001 kuma aka gano ƙwayar gado ta farko mai alaƙa da Crohn, NOD2, sai ga shi aikinta gane ɓurɓushin bangon bakteriya ne. Zuwa yanzu an gano wurare fiye da 200 a ƙwayoyin gado masu alaƙa da kumburin hanji, da yawansu kan yadda jiki ke hulɗa da ƙwayoyin cuta.

Na ce, "To ai maganata ke nan, Likita."

Ta ce, "Rabinta ce." MAP ba ita kaɗai ake tuhuma ba. A 1998 masu bincike a Faransa ƙarƙashin Arlette Darfeuille-Michaud sun gano wani nau'in bakteriyar E. coli da ke manne wa fatar hanji, ya kutsa ciki, ya rayu a cikin ƙwayoyin garkuwar da ya kamata su cinye shi. A 2008 aka nuna wata bakteriya mai kwantar da kumburi, Faecalibacterium prausnitzii, tana ƙaranci a hanjin masu Crohn. An taɓa zargin ƙwayar ƙyanda, bincike bai gaskata ba. Matsalar da ke gaban kowa ita ce hanjin da ya yi gyambo masauki ne mai sauƙi, don haka in ka tarar da baƙo a ciki sai ka tantance ko shi ya fasa ƙofar ko a buɗe ya same ta. Sannan ta kawo hujjar da ta fi girgiza ni. Akwai allurar da aka amince da ita a Amurka a 1998, infliximab, mai toshe wani sinadarin kumburi. Tana iya tayar da tarin fukan da ke kwance a jiki har ya yi kisa, shi ya sa ake gwaji kafin a fara ta. In da 'yar'uwar tarin fuka ce ke cin hanjin kowane mai Crohn, da an sa ran allurar ta rura ciwon. Ga shi kuwa tana warkar da gyambunan mutane da yawa.

Na yi kuka sosai ranar. Garin neman gira na kusa rasa ido, kuma matar da na ɗauka mai taurin kai ce ta fi ni sanin hujjojin ɓangaren da nake karewa.

Har yau ban yarda an rufe maganar MAP ba. Ina ganin zai yiwu abin da ake kira Crohn ya zama cututtuka da dama masu kama da juna, wata rana a ware wani kaso a ce ga ƙwayar da ke haddasa nasu. An taɓa yin haka: cutar Whipple, wadda ita ma ke ramar da mutum da gudawa, an bayyana ta a 1907, ba a tantance bakteriyarta ba sai a 1992. Ina girmama masu wannan bincike, masu zaman watanni suna jiran ƙwaya ta tsiro a kwalba. Waɗanda nake jin zafinsu su ne masu ɗaukar wannan aiki da bai kammala ba su tallata shi ga marasa lafiya a matsayin tabbas, suna cewa likitoci na ɓoye magani. Na san irin daren da mutum ke karanta su, da irin halin da yake ciki.

Da na dawo gida na kwance zaren da ke jikin kofina. 'Yata ta ɗan jima kafin ta yarda ta karɓa in na miƙa mata, tana kallon fuskata tukuna.

Yanzu duk bayan mako takwas nake zuwa a ɗaura mini allurar nan ta infliximab ta jijiya, in zauna awa biyu tana ɗiga. Kyamarar da aka yi mini bara ta nuna bakin ɗinkin lafiya lau, alhamdulillah. Ina koyarwa, ina tsayuwa a gaban aji har a buga ƙararrawa. Akwai ranakun gajiya da ciwon gaɓoɓi, akwai kuma fargabar da ke zuwa duk lokacin da cikina ya yi ƙugi da dare. Yaya ya daɗe yana ganin laifin kansa, sai da na zaunar da shi na ce gaskiya ya faɗa mini, ni ce na yi gaban kaina da ita. Yakan turo mini sabon rahoto in ya gani, wani kan MAP, wani kan dashen ƙwayoyin hanji daga mai lafiya zuwa marar lafiya, wanda gwaje-gwaje tun 2015 suka nuna yana taimaka wa wasu masu kumburin babban hanji. Ina bugawa a takarda, in ja layi a inda ban gane ba. Allurata ta gaba ranar Talata ce, akwai rahotanni biyu a jakata da zan kai wa Likita.